Wanda Ya Cinye Gado, Ko Yana Da Rabo A Baitulmali?

Sau da yawa mutum yakan gaji gona da gida da shanu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sayar, kuɗin su ƙare a bukukuwa da aure-aure da kyautar maroƙa. Ran da tsufa ya kama shi, sai a gan shi ƙofar masu rabon zakka yana neman taimako. To, ko shari'a ta halatta masa karɓa, alhali kuwa shi ya jefa kansa cikin talauci?

Da farko dai, almubazzaranci zunubi ne. Aya ta 27 ta Suratul Isra'i ta haɗa masu yin sa da shaiɗanu, aya ta 5 ta Suratun Nisa'i kuwa ta hana a danƙa dukiya ga wawaye. Saboda haka malaman Malikiyya suka ce alƙali yana da ikon hana almubazzari taɓa dukiyarsa, ya naɗa wanda zai kula masa da ita. Ashe dangin da suka zuba ido har gado ya ƙare su ma ba su kuɓuta daga zargi ba.

Amma fa laifin jiya ba ya soke hakkin mai yunwa. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙidaya kashi 8 na masu cin zakka, ta fara da fakirai da miskinai, ba ta kuwa ce a binciki abin da ya talauta su ba. An ruwaito Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya tarar da wani tsoho Bayahude yana bara, ya yanka masa abin ci daga baitulmali. Wanda ya tsufa hannu wofi, ya tuba, ya fi cancanta a tallafe shi. Sai dai malamai sun gindaya sharuɗɗa. In yana da 'ya'ya masu hali, ciyar da shi a kansu yake tun kafin a je ga zakka. In bashi ya ci don saɓon Allah, ba a biya masa daga kason mabarta sai ya tuba. In kuma an yi zaton zai sake kashe abin a saɓo, ba a miƙa masa.

Wanda ya yi dabara hukuncinsa dabam ne, watau mutumin da ya ɓoye gadon, ko ya rubuta shi da sunan 'ya'yansa, don a lissafa shi cikin matalauta. Wannan mawadaci ne cikin rigar talaka, abin da ya karɓa kuwa haram ne, domin rabon maraya da gwauruwa ya ci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana raba garke ko haɗa shi don gudun zakka, balle yin hila don cin ta. Har dokar Ingila ta lura da haka: tsohon da ya rabu da dukiyarsa da gangan don ya sami tallafin gwamnati, akan lissafa shi tamkar tana hannunsa.

Fansho kuma ba ya cikin wannan magana, gama hakkin ma'aikaci ne na guminsa, ko ya gaji dukiya ko bai gada ba.

Wajibi ne ga hukumomin zakka, irin wadda aka kafa a Kano a 2003 ko bayanta a wasu jihohi, su bincika halin mai nema a yau, kada su wulakanta tsoho saboda wautar ƙuruciya, kada kuma su bar mai hila ya wuce. Magaji kuwa ya tuna za a tambaye shi inda ya kashe dukiyarsa. Allah Ya tsare Musulmi daga tsufa cikin nadama, amin.