Ruwa, Lokaci da Harshe: Darasi ga Ɗaliban Kasuwancin Noma Daga Fadamar Haɗejiya

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ɗalibin digiri na biyu a fannin tsarawa da gudanar da kasuwancin noma zai koya daga fadamar Haɗejiya. An nuna cewa dabarun da ake karantawa a aji ba sa tsayawa da ƙafarsu a wannan yanki sai an fahimci abu uku: mai iko da ruwa, lokacin sayar da amfani, da kalmomin da ake ƙulla yarjejeniya da su.

1.0 Gabatarwa

Masana biyu na Jami'ar Harvard, John Davis da Ray Goldberg, su ne suka kafa harsashin wannan fanni a 1957, inda suka ɗauki noma a matsayin sarƙa guda, tun daga mai sayar da iri har zuwa mai saye ya ci. A yau ɗalibanmu na nazarin wannan sarƙa a wurare irin su Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse. Sai dai akasarin misalan da ake koyarwa da su na kamfanonin da ke riƙe da jarinsu da ruwansu ne. Manomin Auyo ko na Guri ba haka yake ba.

2.0 Ruwa

Kogin Haɗejiya ba ya cika yadda ya ga dama tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, dukkansu a Jihar Kano. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da sakin ruwan. Sauyin da aka samu a tafiyar ruwa ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyinsa, har wata gona ta nutse alhali maƙwabciyarta na ƙishi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun ƙara tabbatar da haka. Saboda haka duk wanda ya tsara kasuwancin shinkafa ko alkama a nan, bai sa ranar sakin ruwa a lissafinsa ba, ya yi gini ne a kan rairayi. Haka kuma ruwan ba na mai noman rani kaɗai ba ne; masunci da makiyayi suna da rabo a ciki.

3.0 Lokaci

Ribar manomi ta fi rataya a kan ranar da ya sayar fiye da yawan buhunan da ya samu. Da kaka kaya kan yi araha, a lokacin ne kuma bashin taki da kuɗin 'yan ƙwadago ke jiransa. Wanda ke da sito da jari, a Gujungu ko Dawanau, shi ke ajiyewa har farashi ya tashi. Wannan giɓi ne tsarin noman yarjejeniya ke neman cikewa, kamar shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Kabi a 2015, da shirin noman shinkafa na kamfanin Ɗangote da aka buɗe a Haɗejiya a 2016. Tambayar da ta kamata mai bincike ya yi ita ce: wa ke biyan manomi a makon da ya fi buƙatar kuɗi? Dillalin da ya ranta masa ranar suna ko jinya yakan riga kowace takarda isa masussuka.

4.0 Harshe

A nan ne masana Hausa ke da abin cewa. Ana rubuta yarjejeniya da Ingilishi, a bayyana ta da Hausa a dandali. Idan mai bayani ya ce "tallafi", mai sauraro ya ji kyauta. Idan ya ce "rance" ko "bashi", ya ji nauyin da addini da mutunci suka ɗora masa. Haka "aro", "haya" da "jingina" kowanne na ba manomi iko daban a kan gona, kuma wanda ya karɓi aron daminar bana ba zai haƙa rijiyar burtsatse ba. Takardar tambayoyin da ta cuɗa waɗannan kalmomi za ta haifar da alƙaluma masu kyan gani, marasa gaskiya.

5.0 Kammalawa

Ana ba da shawarar ɗalibin wannan fanni ya yi aƙalla zangon noman rani guda a fadama kafin ya rubuta kundinsa. Sassan Hausa kuwa su haɗa hannu da tsangayoyin aikin gona wajen tattara kalmomin ciniki, bashi da mallakar gona daga bakin manoma, masunta da dillalan ƙasar Haɗejiya, domin su ne za a rubuta yarjejeniyar gobe da su.