Yadda ake neman tallafin kuɗi don raya kalankuwa a ƙauyukan Watari

Masu cewa "ku rubuta wa Turawa wasiƙa kawai" ba su taɓa karɓar ko sisi ba. Mai ba da tallafi ƙungiya yake ba kuɗi, kuma sai wadda takardunta suka cika.

Ku fara da tsai da abu ɗaya: ko kalankuwar bayan girbi, ko kokawa, ko naɗar waƙoƙin noma kafin tsofaffin makaɗa su ƙare. Ku gaida dagaci da hakimi, ku karɓi wasiƙar amincewarsu, ku yi rajista a ƙaramar hukumar Bagwai.

Inda ake shan wuya shi ne rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce sai kun fitar da amintattu, kun rubuta kundin tsarin mulki, an buga sanarwa a jaridu biyu, an jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Kafin ku biya lauya, ku karɓi katin NIN na kowane amintacce ku gwada shi da BVN ɗinsa. In nan an rubuta Muhammad, can Mohammed, ko ranar haihuwa ta saɓa, aikin zai tsaya cak, gyaran kuma yakan ci watanni. Ku sauya mutumin kawai, ko da shi ne dattijon ƙungiya. A ba shi haƙuri. Daga nan sai lambar haraji, da shaidar SCUML ta hukumar EFCC, sannan asusun banki da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu. Kada kuɗin tallafi ya shiga asusun shugaba, ko ɗan'uwanku ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kuɗin lauya da na jarida ba kaɗan ba ne, don haka ku fara karo-karo tun shuka.

Kasafi kuwa, a rubuta komai dalla-dalla: hayar lasifika, man janareto, abincin baƙi. Makaɗi ba shi da rasit, sai ku buɗe takardar biya ya dangwala yatsa. Hatsin da manoman rani na dam ɗin Watari suka bayar, da filin da dagaci ya ara muku, ku ƙiyasta su da kuɗi a matsayin gudummawar gari. Masu tallafi na son ganin wannan ƙwarai.

Ku fara neman na kusa: Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa a Kano, da ofisoshin British Council da Alliance Française, don jin lokacin da ake buɗe nema. UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Ku ambaci haka a takardarku. Amma asusunta na IFCD mai kai dala 100,000 ba na shirya biki ba ne, kada ku ɓata lokaci.

Duk wanda ya ce ku sayi fom na tallafi a hannunsa ɗan damfara ne. Ku kore shi.