Hutun Amarci a Yankari: Abin da Ango da Amarya Za Su Shirya

Biki a ƙasar Hausa na jama'a ne. Tun daga kai lefe har zuwa buɗar kai, ango da amarya ba su da sararin da za su zauna su yi magana ta minti goma ba tare da wani ya yi sallama ba. Bayan an watse ma sai 'yan ganin ɗaki su ɗora, yau dangin uwa, gobe ƙawayen makaranta, jibi abokan ango masu zuwa cin girkin amarya. Duk wannan alheri ne, kuma ba na son a rasa shi. Amma mutum biyu da za su yi zaman rayuwa tare suna bukatar 'yan kwanaki da babu mai ƙwanƙwasa musu ƙofa. Wannan shi ne amfanin hutun amarci, kuma ba sai an ci bashi an tafi Dubai ake samun sa ba. A Jihar Bauchi akwai Yankari.

Dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Daga garin Bauchi ana bin hanyar Gombe, a Dindima a karya dama zuwa Mainamaji inda babbar ƙofar take. Kada ku ɗauka isa ƙofa shi ne isowa. Daga nan zuwa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, akwai tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji. Mai tasowa daga Kano ta Birnin Kudu da Ningi, ko daga Jos, ya yi sammako yadda zai shiga ƙofa kafin la'asar. Mai zuwa ta jirgi zai sauka a filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Balewa, ya kwana a gari ko ya ɗauki shatar mota. Tafiyar dare ba ta da wani amfani ga sababbin ma'aurata, kuma kafin ku kama hanya ku tambayi wani mazaunin Bauchi halin da hanyar take ciki a wannan makon, ba labarin bara ba.

Maganar lokaci kashi biyu ce. Na farko lokacin shekara. Da rani ake ganin namun daji, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, domin ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi kuma dole su gangaro kogin Gaji su sha ruwa. Da damina daji yana yin kyau shar, amma ciyawa tana rufe komai, wasu hanyoyin kuma sai a hankali. Idan aurenku ya faɗo cikin hunturu kun dace: sanyi a waje, ruwan Wikki da ɗumi. Maris da Afrilu sun fi yawan dabbobi a bakin ruwa, sai dai zafin ba na wasa ba ne.

Na biyu shi ne yaushe bayan biki. Shawarata kada ku fita washegarin kai amarya. Ku bari a yi kwana bakwai, a karɓi baƙi, amarya ta huta gajiyar ƙunshi da kamu da yini, a je a gaishe da iyaye. Ango ya je da kansa ya sanar da mahaifinsa da surukinsa, ya ce, "Baba, ina son in ɗan kai ta Bauchi mu yi kwana uku, muna neman albarkarku." Dattijon da aka nemi izininsa addu'a yake bi da ita. Wanda ya ji labari a bakin maƙwabta kuwa zai daɗe yana jin abin a ransa, kuma amarya ce za ta sha kallon. Ku zaɓi tsakiyar mako. Ranakun Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara sansanin cika yake da jama'a, haka ma lokacin da makarantu ke kawo ɗalibai yawon buɗe ido.

Kuɗi kuwa, daidai ruwa daidai tsaki. Ku zauna ku biyu ku lissafa mota, kuɗin shiga, ɗaki, abinci, motar zagaya daji da ɗan abin da za a ba jagora, sannan ku ware wani abu na ko-ta-kwana. Kuɗin cefanen watan farko ba ya cikin wannan lissafi, kada a taɓa shi. Ɗakuna hawa-hawa ne, daga masu sauƙi zuwa na alfarma. Ku kira ku kama ɗaki tun kafin tafiya, ku tambayi awannin da ake samun wuta, ku tambaya ko na'urar sanyaya ɗakin tana aiki, in kun isa kuma ku duba ɗakin da idonku kafin ku biya. Ku riƙe tsabar kuɗi, domin a daji ba a dogara da layin waya wajen tura kuɗi. Takardar shaidar aure da katin shaida su kasance a jaka.

Abin da ya fi komai a Yankari shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa yana kan ma'auni 31 dare da rana, rani da damina. Garau yake, kana tsaye kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi, bishiyoyi sun yi masa rumfa ta kowane gefe. Da asubar hunturu har tururi za ka ga yana tashi a samansa. Kusa da dutsen yana da zurfi, yana iya shanye mutum, amma yana raguwa in aka gangara ƙasa, don haka wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa ke iya ƙugu.

A nan ne ango ya kamata ya yi tunanin amaryarsa tun daga gida. Wurin wankan na kowa ne, maza da mata. Yarinyar da ta tashi cikin kunya ba za ta shiga ruwa gaban baƙin maza ba, kuma bai dace a matsa mata ba. Mafita ita ce a sauka da sassafe bayan sallar asuba, lokacin da yawancin baƙi ke barci, ta sa doguwar riga mai ɗan kauri da wando da ƙaramin hijabi, a ajiye babban tawul a kusa. Zani ba ya zama a jiki cikin ruwa. In ta ce ita dai ƙafa kawai za ta tsoma, shi ke nan, a zauna a bakin ruwan a yi hira. Tun farko ma a tambaye ta ko dajin take so. Wata ta fi son gari da kasuwa, kuma hutun nata ne kamar yadda yake naka.

Zagayen daji ana yin sa da safe ko da yamma, cikin mota tare da jagora. Yankari na cikin wuraren da suka rage a Najeriya da ke da garken giwaye, akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina da kada, ga tsuntsaye iri-iri. Sai dai daji ba gidan zu ba ne. Wata rana a yi kiciɓis da giwaye suna ƙetare hanya, wata rana sawunsu da kashinsu kawai za a gani. Zaki kuwa ganinsa sai babban rabo. Ku ce wa jagora ya kai ku kogunan Marshall, ɗakuna ne da mutanen dā suka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey. Ku sa kaya masu launin ƙasa masu dogon hannu, saboda ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi, cizonsa kuma da zafi. Maganin sauro kada ya bar jaka. Ba a sauka daga mota sai jagora ya ce a sauka.

Akwai dabbobin da ba sai kun je nema ba. Mugun dawa yana kiwo a tsakanin ɗakuna da 'ya'yansa a baya, jela a miƙe. Gwaggon biri kuma shi ne mai gari a sansanin. Ya san leda, ya san kula, ya san yadda ake tura ƙofar da ba a kulle ba. Idan kun taho da cincin, dubulan da alkaki daga cikin gara, ko kilishi da dambun nama, ku rufe su cikin akwati, ku riƙa kulle ƙofa da taga ko da fitar minti biyu ce. Kada amarya ta ratsa fili da leda a hannu, kada kuma a miƙa musu abinci don a ɗauki hoto. In ya fizge abu a bar masa.

Guzurin yana da amfani, domin gidan abincin sansanin ba kullum yake da abin da rai ke so ba. Ku ƙara da ruwan sha, shayi, tocila da abin cajin waya. Ku ɗauki darduma. Tafiyar ta kai ta ƙasaru, kuma a mazhabar Malikiyya wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana ci gaba da yin ta.

Kwana biyu ko uku sun isa. Wayar ma ku rage ta: a kira iyaye a ce an sauka lafiya, hotuna su jira sai an dawo, ba kuma kowane hoto ne na Facebook ba. A hanyar komawa ku tsaya a Bauchi ku ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, Firayim Ministan Najeriya na farko, inda aka adana wasu kayansa. Ku ci masar Bauchi da zafinta, sannan ku sayi tsarabar iyaye ta gida biyu, kashi ɗaya kada ya fi ɗaya.