Yadda Ake Haɗa Dawaki Biyu-Biyu a Sukuwa Ba Tare da Rigima Ba

A ƙasar Katsina doki ɗan gida ne. Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo a birni, Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kansa har ƙasashen waje, kuma daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma da wuya a sauko daga hawan salla samari ba su saki linzami ba. Amma da zarar an sa kyauta, sai gardama ta tashi: wa ya haɗa dokina da wancan ingarman? Don me aka ba wane kuru?

Masu tseren motoci na miƙaƙƙen layi a Amurka sun daɗe da kashe wannan gardama. Ƙungiyarsu ta NHRA, wadda aka kafa a 1951, ta ginu a kan mota biyu, layi biyu, da rubu'in mil, wato mita 402. Wanda ya sha kaye ya kama hanyar gida. Agogo ne ke haɗa abokan karawa, ba shugaban kwamiti ba. Tsarin ya dace da sukuwarmu, in an ɗan gyara shi.

A fara da neman izini. A Dutsin-Ma a je fadar Yandakan Katsina, a Kurfi fadar Maradin Katsina, sannan a sanar da 'yan sanda rana da wuri.

Sai fili. A nemi shimfiɗaɗɗen wuri, ba fako mai cin kofato ba, ba jigawa mai zurfin yashi ba. In gona ce bayan girbi, a tumɓuke tushiyar kara, a baje kunya, a bi da ƙafa a cike kowane rami. A auna mita 400 da igiya, a kafa fegi a mafari da maƙura, a zuba toka a tsakiya ta raba filin gida biyu. Bayan maƙura a bar aƙalla wasu mita 200 wayam, babu ɗan kallo, babu mai tallar rake. Doki a guje ba ya tsayawa nan take, kuma zamiya a gaban manya ta ranar jafi ce. Su kansu masu motocin, bayan mutuwar direba Scott Kalitta a 2008, sai da suka rage wa motocinsu mafiya gudu tsawon tsere zuwa ƙafa 1,000 don a sami wurin tsayawa.

Daga nan a raba aji. Ɗan Arewa da ɗan Arewa, Talon da Talon, Sudan da Sudan. A rubuta sunan mai doki, sunan mahayi, launin dokin da wata alama a jikinsa: akawal ne mai farin goshi, ko kili mai tabo a cinya. Dalili shi ne kada a yi gwaji da wani doki a shigo karawa da wani. Likitan dabbobi ya duba kowanne. Mai ɗingishi ko mai gyambo a ƙarƙashin majayi ya koma turke. Yaro ba ya hawa sai da yardar mahaifinsa, kuma kowa da hular kwano.

Yanzu gwajin agogo, wanda shi ne ƙashin bayan abin. Kowane doki zai yi gudu shi kaɗai. Masu agogo biyu su tsaya a maƙura da wayoyinsu, su danna a daidai lokacin da suka ga tuta ta faɗi a mafari. Kada su jira ƙarar usur. Sauti yakan ci fiye da daƙiƙa ɗaya kafin ya ratsa mita 400, kuma a cikin daƙiƙa ɗaya doki ya yi tsawon jikinsa sau da yawa. In agogunan sun saɓa, a ɗauki tsakiya. A faɗi lokacin a lasifika nan take, kafin dokin ya juyo, a kuma rubuta shi a allo inda kowa zai gani. Masu motoci kan yi gwaji sau uku ko huɗu su ɗauki mafi kyau. Mu sau ɗaya ya isa, don mota ba ta haki.

A jera sunayen daga mafi gudu zuwa ƙasa, a ɗauki takwas na sama a kowane aji. In biyu sun yi kunnen doki, a jefa ƙuri'a a bainar jama'a.

Ga yadda haɗin yake: na 1 da na 8, na 2 da na 7, na 3 da na 6, na 4 da na 5. A zagaye na biyu, wanda ya fito tsakanin na 1 da na 8 zai gamu da wanda ya fito tsakanin na 4 da na 5, sauran biyun su gamu da juna. Karawa bakwai ke nan a sami zakara.

Mai na 8 zai ce an zalunce shi, an jefa shi bakin kura tun da safe. A yi masa bayani cikin natsuwa. Da ƙuri'a aka yi, dawaki biyu mafiya gudu na iya haɗuwa a karon farko, ɗaya ya fita, ƙarshen wasa ya zama lami. Ban da haka, wannan tsari ya hana wayon da wasu mahaya ke yi na riƙe linzami a gwaji don ɓoye ƙarfin doki: duk wanda ya ja baya da gangan, kansa ya tura gaban ingarma. In dawakin bakwai ne, na 1 ba shi da abokin karawa a zagayen farko, amma dole ya fito ya ratsa filin shi kaɗai, ko da a sassarfa ne. A kowace karawa, wanda lokacinsa ya fi kyau shi ke zaɓar layin da yake so.

Akwai wani salo na masu motocin da ban ga amfanin kwaikwayonsa ba, inda mota marar gudu ke tashi kafin mai gudu gwargwadon lokacin da kowa ya ɗibar wa kansa. Fitilu da na'ura ke riƙe musu wannan lissafi. Da tuta a hannun mutum, faɗa kawai zai haifar.

Dokokin fita daga wasa kaɗan ne, a karanta su gaban mahaya kafin doki na farko ya motsa. Wanda ya zabura kafin tuta ta faɗi ya fita. Wanda ya ƙetare tokar tsakiya ya fita, haka wanda ya kai wa dokin abokinsa bulala. Wanda aka kira sau uku bai zo mafari ba, an ba abokinsa. Doki ya iso maƙura babu mahayi, bai ci ba. Ban da ɗura wa doki ƙwaya, ban da caca a bakin fili.

A maƙura a tsayar da mutum ɗaya daidai saitin fegi yana ɗaukar bidiyo a waya, ya dafe gwiwar hannunsa a kan kujera don kada hoton ya yi rawa. Hancin da ya fara ƙetare layi shi ya ci. Alƙalai uku su duba, kuma kada a sa wanda ke da doki a ajin.

Tsakanin zagaye da zagaye a ba dawaki aƙalla rabin awa, a sassauta majayi, a zaga da su a inuwa, sai numfashi ya daidaita a ba su ruwa. Shi ya sa ya fi kyau a yi gwaji da hantsi, a ajiye karawa sai bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Mai ƙorafi ya kawo shi ga alƙalai kafin a kira karawa ta gaba. Da zarar tuta ta sake faɗuwa, an rufe maganar.