Darasi: Ruɗewar Tsufa Ba Maita Ba Ce

'Yan uwa mata, tsohuwa kan manta sunan jikanta, ko ta fita ta kasa gane gida, sai ki ji ana cewa wai mayya ce. Subhanallahi! Galibi ciwon ƙwaƙwalwa ne, irin wanda likitoci ke kira Alzheimer, mai kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali.

A kansa Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila. A 2021 ya kafa cibiyar bincike a Damaturu.

Don haka matan Gusau, Tsafe da Bungudu, mu kai tsofaffinmu asibiti, mu yi haƙuri da su, mu bar 'ya'yanmu mata su karanci kimiyya. Allah Ya sa mu rabu da iyaye lafiya, amin.