Tafiyar Tumatir Daga Kadawa Zuwa Ikko

Kowace shekara, daga watan Janairu zuwa Afrilu, tumatir ya kan cika Kadawa da Kura a ƙasar Kano, inda a ke noman rani da ruwan madatsar Tiga wadda aka gama a 1974. Daga gona a kan kai shi kasuwar Kwanar Gafan, a loda a manyan motoci, su nufi kasuwar Mile 12 ta Ikko. Tsakanin Kano da Ikko kimanin kilomita 1,000 ne, watau sama da mil 600.

To, wannan nisa shi ke cin ribar manomi. Kafin kwando ɗaya ya isa, sai an biya 'yan dako, da kuɗin mota, da la'adar dillali, da kuɗaɗen da a ke karɓa a hanya. Ga kuma asara. Tumatir kusan duk ruwa ne, fatarsa ba kauri. In an jibga kwanduna bisa juna, na ƙasa su kan matse, tsinken kwando ya huda 'ya'yan, zafi ya ƙarasa su. Falke ya san da wannan, don haka ya kan karya kuɗin kaya tun a gona, ya kuma tsauwala wa mai saye a Ikko. Gero da dawa ba su da wannan matsala, gama busassu ne.

Manomin da zai aika kaya nesa, ya tsinka da sanyin safiya tun tumatir ya fara ja, ya ajiye a inuwa, ya ware mai rauni. Akwatin roba ya fi kwando, domin in an jera, akwati ke ɗaukar nauyi, tumatir ya huta. Wanda ya nuna sarai kuwa, kasuwar kusa ta fi masa. Abin da ya ragu a yanka, a shanya bisa tabarma mai tsabta, ya zama kauɗa.

Ma'aikaci mai albashi shi ma ya lura. Da damina tumatir ya kan yi wuya, kuɗinsa ya hau. Wanda ya sayi na garinsu lokacin araha ya shanya, uwargida ba za ta rasa na miya ba, kuɗinsa kuma ya shiga hannun maƙwabci. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.