Amsar Tambaya: In sayi gida a Nasarawa GRA?

Tambaya: Malam, na yi ritaya, ina so in bar Fagge in sayi gida a Nasarawa GRA, Kano. Yaya zaman can yake?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka. Unguwa ce da aka zana wa Turawa tun zamanin mulkin mallaka, shi ya sa filayenta ke da faɗi, ga inuwar tsofaffin bishiyoyi. Sai dai shirun can yana da nauyi ga wanda ya saba da majalisar ƙofar gida. Katanga doguwa, maigadi a bakin get, kana iya shekara ba ka san sunan maƙwabcinka ba in ba a masallaci kuka haɗu ba. Ka tambayi uwargidanka tukuna, domin ita za ta wuni a ciki.

Ka lissafa kuɗin burtsatse, sola ko janareta, da albashin maigadi. Ka zaga layin da safe da kuma bayan isha'i, saboda gidaje da dama sun koma makarantu da otal-otal. Kafin ka biya ko sisi, lauyanka ya binciki takardar mallaka a KANGIS, ofishin bayanan filaye na jihar. Dokar Filaye ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a sauya mai mallakar filin.